Daƙiƙa Goma Kafin Jar Fitila

"Ki goge shi."

"Ba zan goge ba."

Ban ɗago daga allon kwamfutar ba da na ba shi amsa, don na san halina: in na kalli idonsa, ba na iya ce masa a'a. Darakta ya tura ƙofar ɗakin editin, inda muke haɗa hotuna, ya rufe, ya jingina da ita. Farar rigarsa ta sha guga, ya naɗe hannunta, agogon nan mai baƙar fata da na saya masa yana ɗaure a hagunsa.

"Idona," ya ce. Haka yake kirana tun ranar da na fara riƙe masa kyamara. "Ba roƙonki nake yi ba. A matsayin mai kamfani nake magana."

"To a matsayin ma'aikaciya nake amsa maka, Yallaɓai. Ba a goge katin kyamara sai an miƙa aiki. Kai ka rubuta dokar, ga ta can manne a bango."

"A matsayin wanda zai aure ki nan da mako biyar fa?"

Na ci gaba da kallon allon.

Bari in koma baya kaɗan, kada wanda ya tsinci labarin nan yau ya ɗauka rashin kunya ce kawai take ɗibata. Akwai rashin kunyar, ban musa ba. Amma ku saurara.

Shekara huɗu na yi a jami'a ina karanta ɗaukar hoto da fim. Gwaggona har gobe cewa take na je na ɓata shekara huɗu ina koyon abin da masu hoton fasfo suke yi a bakin titi. Da na fito, kamfanin Darakta ne ya ɗauke ni, muna yin tallace-tallace na talabijin. Bara ya sayo wata kyamara irin wadda ake yin manyan finafinan sinima da ita. Ta zo a baƙin akwati mai soso a ciki, kamar jaririya a kwali. Maza huɗu suna tsaye suna jiran a miƙa wa ɗayansu, ya miƙo mini, saboda ni kaɗai na karanta littafinta daga bango zuwa bango. A kan kyamarar nan muka saba. A kanta muka fara faɗa, a kanta ya fara ce mini yana sona, ina goge gilashinta ban ma juyo ba.

Nauyinta ya bar mini tabo a kafaɗar dama, kuma ina alfahari da tabon. Abin da mutane ba su gane ba shi ne, ba kamar idon mutum take gani ba. Hotonta yana fitowa ne ɗanye, dusu-dusu, kamar zanen da ya sha wanki har ya koɗe. Wanda bai sani ba sai ya ce ta lalace. Amma komai yana ciki. Inda ido ya ga duhu ƙirin, ita ta ajiye abin da yake cikin duhun, sai ka zauna a kwamfuta ka ɗaga hasken a hankali, ya fito maka har zaren riga. Kuma tana ɗaukar fili fiye da abin da za a nuna wa masu kallo. Akwai layi a allonta, abin da ya fita bayan layin a yanke shi daga baya, amma tana riƙe da shi.

Sai abu ɗaya da ni kaɗai na sani a kamfanin, don yana can shafi na ɗari da wani abu. Za ka iya saita ta ta riƙa riƙe daƙiƙa goma na baya. Kafin ka danna maɓalli, kafin jar fitilar kyamara ta kama, ita tana kallo tana zubarwa, tana kallo tana zubarwa. Da ka danna, sai ta haɗa har da goman da suka wuce. Kowa a wurin aiki ya saba cewa sai jar fitila ta kama ake gyara tsayuwa. Ba wanda ya san tana da kunne da ido tun kafin nan.

Ranar Litinin muna ɗaukar tallan turare. Jarumar yarinya ce doguwa mai fara'a, ba ta daɗe da fara aiki ba, an sa mata doguwar riga ruwan zuma mai jan ƙasa. A gefenta aka kafa babbar fitila mai farin ƙyalle a fuska, a kan doguwar ƙafar ƙarfe. Mai kula da fitilunmu tsoho ne, kowa Baba Fitila yake ce masa. Shekara talatin da huɗu yana wannan aiki. Kowace ƙafar fitila sai ya danne ta da buhun yashi, buhunan da shi yake ɗinka abinsa da hannu, kuma kullum gargaɗinsa ɗaya ne: "Wanda ya taɓa buhuna ya taɓa gemuna."

Zafi ya yi yawa a situdiyo, na'urar sanyaya ɗaki tana ta gurnani ba sanyi. Darakta ya ce a ɗauka, na danna. Ba a yi daƙiƙa biyar ba na ga farin ƙyallen ya kumbura kamar an hura shi, fitilar ta yi tangaɗi, ta zo ƙasa gaba ɗaya a kan yarinyar. Har yau ina jin ihunta da ƙaurin rigar. Ta ƙone daga wuya zuwa kafaɗa, ƙashin wuyanta ya karye. Aka yi waje da ita a guje. Da ƙura ta lafa Darakta ya nuna ƙafar fitilar, ba buhu a kanta, ya daka tsawa: "Baba! Ina buhun ƙafar nan?"

Baba ya tsaya yana kallon ƙarfen. A ranar aka sallame shi, aka kuma kai maganarsa gaban ƙungiyar ma'aikatan fim, za su zauna Asabar su duba ko za su cire sunansa daga masu aikin.

Ranar Laraba na zauna duba abin da muka ɗauka, ko akwai abin da zai moru. Sai na lura a farkon hoton, cikin goman nan na baya, wani siririn haske ya shigo ta hagu, can bayan layi. Wurin baƙi ne ƙirin. Na kama linzamin kwamfuta na ɗaga hasken kaɗan. Na ƙara. Duhun ya fara buɗewa kamar gari yana wayewa. Ga ƙafar fitila, ga buhun Baba a kanta daram. Sai ga hannu ya miƙo, farar riga a naɗe, agogo mai baƙar fata. Ya ja buhun, ya tura ƙofar baya, ya danne ta da shi don iska ta shigo. Ya karkaɗe hannunsa, ya juyo, ya ce a ɗauka.

Ku ji wautata. Ban ɓoye ba, ban kai wa kowa ba. Kiransa na yi da kaina, har da ja masa kujera, na nuna masa. A zatona mantawa ya yi, zai dafe kai ya ce innalillahi, ya ɗauki makullin mota mu tafi gidan Baba. Haka nake ganin mutumin da zan aura. Sau ɗaya ya kalla. Bai yi mamaki ba. A nan na gane tun Litinin ya sani.

To mu dawo ɗakin editin.

"Ki yi tunani da kanki, ba da zuciyarki ba," ya ce, ya sassauta murya. "In aka ce ni ne, masu turaren za su janye, sauran ma su bi su. Mutum ashirin ne suke ci a kamfanin nan, har da ke. Baba ya tsufa, ko ba wannan ba shekara nawa ta rage masa? Ni zan riƙe shi har ƙarshen rayuwarsa, na rantse miki. Yarinyar ma ni nake ɗauke da asibitinta. Me zai rasa?"

"Sunansa."

"Suna!" Ya yi wata dariya marar daɗi. "Nawa sunan fa? Wanda za ki ɗauka nan da mako biyar?"

Ya miƙa hannu ya zare katin daga jikin kwamfutar, ya jefa a aljihun gaba. "Shi ke nan, na hutar da ke."

"Karanta doka ta biyu, Yallaɓai."

Ya waiga bango. Shi ya rubuta ta, da jan alƙalami: kowane kati a kwafe shi wuri biyu, kuma kwafi biyu ba sa kwana ƙarƙashin rufi ɗaya. Ni ce mai tafiya gida da na biyun kullum, a ɗan ƙaramin faifan ajiya mai rigar roba. Idonsa ya sauka kan jakata. Na jawo ta na rungume.

"Ƙwacewa za ka yi?"

Ya buɗe mini ƙofa. "Je ki gida. Kina da zuwa Asabar."

Kafin in kai gida labari ya riga ni. Mahaifiyarsa ta kira Umma, Umma ta kira Gwaggo. Na tarar da su a falo, fanka tana ta juyi, yadudduka zube a kan doguwar kujera. Umma tela ce, da keken ɗinkin nan ta riƙe mu tun rasuwar Abba, da shi ta kai ni jami'a. Rigar aurena ce a ƙarƙashin allurar, fara mai ratsin azurfa, mako uku tana fama da wuyanta. Ko mayafina ban cire ba Gwaggo ta fara.

"Sannu da zuwa, alƙaliya. An gama shari'ar?"

"Ina wuni, Gwaggo."

"Riƙe gaisuwarki. Ke yanzu mijin da za ki aura za ki je ki kwance wa zani a kasuwa? A kan wani tsoho da ba danginki ba, ba dangin ubanki ba?"

"Gwaggo, yarinya ce kwance a asibiti, an ɗora wa wanda bai ji ba bai gani ba."

"Ke kika ƙona ta? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba."

"Ni ban hau rimi ba, Gwaggo. Kyamara ce ta hango."

"Kin ji ko?" Ta juya ga Umma tana tafa hannu. "Kin ji abin da boko ya saya miki? Ni dama na faɗa, ranar da aka ɗora mata wannan akwatin a kafaɗa na san ba namijin da zai ƙara yi mata nauyi."

Umma ba ta yi dariya ba. Ta cire allurai biyu daga bakinta ta soke su a gefen zaninta, ta tsayar da keken.

"Zo nan." Na durƙusa a gabanta. "Ban ce yaron nan ya kyauta ba. Amma mace sutura ce. Duk gidan da kika ga an zauna lafiya, akwai abin da wani ya gani ya kau da kai. Ni na kau da kai sau nawa, kin sani? Ba don haka ba da ba ki tashi a ɗakin ubanki ba. Uwarsa ta ba ni kalmarta za su kula da tsohon. Ki ba shi abinsa, ki bar wa Allah sauran."

"Umma, in na ba shi, kullum na kalle shi hannun nan zan gani."

"Za ki saba."

Wannan kalma ta fi duk zagin Gwaggo ciwo, don na san gaskiya ta faɗa. Zan saba ɗin. Abin da nake tsoro ke nan.

Na shiga ɗaki na zauna bakin gado da kayan jikina. Waya ta yi ƙara, saƙon Darakta ne.

*Kin ci abinci?*

Ban amsa ba.

*Ban yi da gangan ba, kin fi kowa sani. Zafi ne. Ita yarinyar nake tausayi, kwalliyarta tana narkewa.*

Na rubuta: *Na sani. Shi ya sa faɗin gaskiyar ba zai kashe ka ba. Ka faɗa da bakinka, ni zan tsaya a bayanka.*

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, ina kallon ɗigon nan uku suna rawa.

*In kika nuna, ba zan iya kallon idonki a gida ɗaya ba. Ba barazana ba ce. Na san kaina ne.*

Na kifa wayar. Kada ku ce ban yi kuka ba don ban rubuta ba.

Ranar Juma'a da hantsi na nemi gidan Baba. Na same shi a zaune a ƙofar ɗakinsa kan ɗan benci, da tsohuwar jakar kayan aikinsa a gabansa, ya baje filaya da sukuddireba yana gogewa ɗaya bayan ɗaya. Kwana huɗu kawai, amma wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"'Yata mai kyamara! Ke ce a gidan korarre? Kada a gan ki a ce kin kamu."

"Baba, ya jiki?"

"Jiki lafiya. Kai ne." Ya ƙwanƙwasa goshinsa da yatsa. "Na rantse zan iya cewa na ɗora buhun nan. Ina jin nauyinsa a hannuna. Amma ga ƙarfe kowa ya gani tsirara. Ashe haka tsufa yake zuwa, ba sallama. Jiya sau uku na koma duba ko na kashe risho. Jikata ta ce in ɗauke ta, na ƙi, ina tsoron kada in manta tana hannuna." Ya yi murmushi, idonsa ya kawo ruwa. "Na ƙona 'yar mutane, 'yata. Gobe zan je in faɗa musu da kaina su cire sunana, kafin in kashe wani."

Wallahi ban je da niyyar nuna masa ba. Amma na tsinci kaina ina zaro kwamfuta daga jaka, na ɗora a cinyata, na kare allon daga rana da mayafina.

"Baba, duba nan."

"Duhu nake gani."

"Yi haƙuri."

Na ɗaga hasken. Ya matso har gemunsa yana taɓa allon. Da buhun ya bayyana a kan ƙafar fitilar, sai ya ɗora yatsa a kai, kamar zai taɓa shi. "Nawa ne. Ga ɗinkina." Hannun ya miƙo ya ja. Baba ya ce in mayar baya. Na mayar. Sau uku. Sannan ya jingina da bango ya rufe ido, ya sauke wani numfashi da ban taɓa jin irinsa ba.

"Alhamdulillahi. Ashe kaina yana nan." Ya share fuska da hularsa. Can ya buɗe ido ya dube ni sosai. "To na gani. Ya ishe ni. Yanzu ki goge."

"Baba!"

"Ki goge, na ce. Yaron nan a gabana ya koyi riƙe wayar fitila. Tsoro ne ya kama shi, ba mugunta ba. Ni na ci zamanina. Ke kuwa yanzu za ki fara naki, kada ki fasa aurenki a kan buhun yashi."

Kun ga, har wanda aka zalunta ya buɗe mini ƙofa. Ba wanda zai zarge ni. Na fito daga gidan ina jin kamar an sauke mini kaya, har na ɗauko waya zan rubuta wa Darakta cewa shi ke nan. Sai na tuna gobe tsohon nan zai tsaya gaban yaran da ya koya wa aiki ya ce shi ne, alhali yanzu ya san ba shi ba ne. Da, kuskure zai amsa. Yanzu ƙarya zai yi, kuma don ni zai yi ta. Ni na mayar da shi haka da na buɗe kwamfutar nan. Na mayar da wayar jaka.

Asabar da safe na sa baƙar doguwar riga da mayafi ruwan toka, ban shafa komai a fuska ba. Umma tana kallona na ɗauki jaka, ba ta tambaye ni ina za ni ba. A zauren ƙungiya mutum ya kai arba'in a kan kujerun roba. Yayan jarumar yana gaba, fuska a murtuke. Darakta yana gefe cikin shuɗiyar riga. Baba ya miƙe zai yi magana, na riga shi.

"Shugaba, ina da abin da zan nuna kafin Baba ya ce komai."

Baba ya girgiza mini kai. Na yi kamar ban gani ba. Na haɗa kwamfutar da majigin da ke bango. Hoton ya fito, baƙi ƙirin ta hagu. Wani daga baya ya ce, "Malama, an ɗauke wuta ne a fim ɗin naki?" Aka yi dariya. Na fara ɗagawa. Dariyar ta mutu a hankali. Ƙafar fitila ta fito. Buhun ya fito. Ana saura ƙiris hannun ya shigo, sai na ji kujera ta motsa.

"Ni ne," in ji Darakta. "Ba sai ta ƙara haske ba. Ni na cire buhun."

Ya faɗi yadda aka yi, tiryan-tiryan, bai rage komai ba. Ya juya ya ba Baba haƙuri a gaban kowa, ya ba yayan yarinyar haƙuri. A lokacin na ga mutumin da na so tun farko, har zuciyata ta yi tsalle, na ce ko an tsira. Da aka tashi ya zo wucewa ta gabana, kafaɗarsa ta kusa gogar tawa. Bai kalle ni ba.

Da la'asar saƙonsa ya shigo: *Ki bar makullin akwatin kyamara wurin maigadi.* Washegari kawunsa ya kira Umma ya ce a dakata da maganar aure, ba su faɗi zuwa yaushe ba, kuma duk mun san ma'anar hakan. Masu turaren sun janye kamar yadda ya faɗa, an rufe situdiyo sai abin da hali ya yi. Cikin mutum ashirin ɗin nan, uku ne suke amsa gaisuwata. Baba ya tsira da sunansa, amma shi ma yana gida ba aiki, kuma da na kira shi cewa ya yi, "Na ce ki goge, 'yata." Na nemi aiki a kamfani biyu, duka sun ce za su neme ni, wani ya faɗa mini a ɓoye cewa ba mai son mai kyamarar da take ɗauka kafin a ce ta ɗauka. Yanzu kuma ga takarda daga ƙungiya: Laraba mai zuwa ni za a zauna a kaina, don na nuna hoton kamfani a waje ba da izini ba.

Da za a mayar da ni safiyar Asabar ɗin nan, zan sake ɗaga hasken. Amma don Allah kada wata ta zo ƙasan rubutun nan ta ce mini na yi nasara. Na rasa aikin da na iya. Na rasa mutumin da har yanzu nake so. Kuma yau kwana shida ke nan muna gida ɗaya da uwata, ba ta kira sunana ba.